Cokali Ɗaya na Kirfa

Ku da kuke bin shafin nan, yau sai kun yi haƙuri da ni, don abin da zan faɗa ko Mama ba ta san shi ba. Muryar nan da ta cika rediyo tun watan Yuni, wadda yara ke kwaikwayo a cikin bas har direba ya tsawatar, ni Ditte na haɗa ta da hannuna a bayan gidan burodin da nake aiki a Aalborg, nan Denmark. Ba alfahari nake yi ba. Yanzu na dawo daga filin wasa, ko takalmin robar da ke ƙafata ban cire ba.

Sunansa Kresten. Ku kun san shi da baƙar rigar fata, ni kuwa da bargo na san shi. Shekara shida yana kwana a cikin wani tsohon jirgin kamun kifi da aka yasar a bakin tashar ruwa, tun da aka rufe wurin aikinsa mai gida ya karɓe ɗaki. Kullum da sassafe yakan zo ya zauna a bakin bututun da zafin tandarmu ke fita, ya ɗora jitarsa mai tsirkiya biyar a cinya, ya yi ta waƙa. Muryarsa siririya ce mai sanyi, irin wadda ake lallashin jariri da ita. Mutane su wuce ko waiwaye babu, karnukansu ne kawai ke turjewa su kwanta a gabansa. Akwai wata tsohuwa da ta taɓa sunkuyawa ta tambaye shi ko ya fara ne ko bai fara ba.

Yana da dokoki biyu da ko kashe shi za a yi ba ya karyawa. Ba ya karɓar burodi kyauta, kowane curi sai ya rera waƙa a kansa. Kuma in ya fara waƙa ba ya yanke ta a tsakiya, ko ruwa ake zubawa, ko ɗan sanda ne tsaye a kansa yana cewa ya tashi. Akwai wadda yake yi mini idan na buɗe ƙofar baya, a kan wani jirgin fito da yake komawa gida ba fasinja. Tun ina sauraro don kada ya ji kunyar karɓar burodin, har na kai ina sa agogo ya tashe ni kafin lokaci. Ina son sa, in dai gaskiya kuke so. Shi bai sani ba, ko kuma ya sani ya bar wa cikinsa.

Mama kuwa tana da nata ɗan takarar. Ita da shekara ashirin da ɗaya ta yi aure, kuma babu baƙon da zai sha kofi a gidanmu bai ji cewa ko ƙwayar kirfa ba ta taɓa sauka a gashinta ba. Wanda ta zaɓa mini shi ne Dokta Ulrik, likitan maƙogwaro, ɗan ƙawarta da suke waƙar coci tare. Duk Lahadi yana gidanmu cikin riga mai guga, da hular keke da yakan manta bai cire ba sai an kusa gama cin kek. Mutumin kirki ne, ban taɓa musu ba. Matsalarsa ɗaya, idan kina dariya ba fuskarki yake kallo ba, cikin bakinki yake leƙawa. Kyautar farko da ya ba ni gyalen ɗaure wuya ce.

Ranar sha huɗu ga Mayu na cika ashirin da biyar, ba miji, ba zobe, don haka kun san hukuncin: a ɗaure ni a turken fitilar titi a bulbule ni da kirfa, kamar yadda ake yi wa duk wanda shekarun suka riske shi ba aure. Yayana Esben ne ya karɓi aikin. Shi an yi masa tuni, saura masa shekara biyu ya kai talatin a koma masa da masoro, don haka da haushi ya zo. Kilo goma ya sayo. Sannan, saboda shi kansa ba ya zama wuri ɗaya, ya ce watsawa da hannu aikin tsofaffi ne, ya aro injin nan da ake hure busasshen ganye da shi.

A gaban gidan burodin suka ɗaure ni, suka sa mini tabarau na ninkaya, suka jiƙa ni da tiyo don garin ya kama. Mama tana tsaye cikin jan kwat ɗinta riƙe da 'yar tuta, fuska a murtuke kamar ta zo ta'aziyya. Dokta Ulrik yana riƙe da tawul a ninke, yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana cewa kowa ya rufe bakinsa. Kowa ya ji wannan gargaɗi ban da Kresten, wanda a daidai lokacin ya ɓullo ta kwana, ya taje gashinsa da ruwa, ya shirya mini sabuwar waƙa ta ranar haihuwa. Ya tsaya gefe, ya daidaita jita, ya rera kalmar farko, ya ja dogon numfashi. A nan Yaya Esben ya kunna inji, iskar teku kuma ta juya. Kirfar da aka saya domina kusan rabinta a bakin Kresten ta ƙare.

Kowane mai hankali da ya ajiye jita ya nemi ruwa. Shi kuwa ya riga ya fara. Abin da ya fito daga bakinsa ban san sunan da zan ba shi ba, kamar ana jan tsohon ƙyauren ƙarfe a kan siminti. Hawaye na zuba, tari na sarƙe shi, tarin kuma sai ya riƙa faɗawa daidai kan kiɗa, shi kuma yana dukan jitar da iya ƙarfinsa don azaba. Ina ɗaure ina ihun a ba shi ruwa, ba mai ji na. Baiti uku ne da waƙar, duka ukun sai da ya kai ƙarshensu. Wani abokin Yaya Esben ya ɗauki komai a waya.

Kafin yamma saƙon Yaya ya shigo: "Mutuminki ya haura kallo dubu ɗari uku. Ke da aka yi bikin dominki ƙafarki kawai ta fito."

Na zauna a bakin gado, gashina na ta zubar da gari, na kalli bidiyon sau bakwai baki buɗe.

Kwana uku bayan haka wani ƙato mai kitsattsen gemu ya shigo shago, ya sayi curi ɗaya, ya tambaye ni ina dodon nan na bidiyo yake kwana. Gorm ke nan, mai ganga kuma shugaban Tsatsar Jirgi, ƙungiyar kiɗan rok da ta shekara goma sha ɗaya tana yi wa kujeru wasa a mashaya. Mawaƙinsu ya gaji ya koma renon yara a makaranta. Na nuna masa bututu. Washegari Kresten ya je garejinsu gwaji, ya rera musu da muryarsa ta gaskiya. Gorm ya saurara har ƙarshe, ya dafa kafaɗarsa, ya ce ya gode, amma don Allah ya je ya turo ɗan'uwan nasa da ya fito a bidiyo.

Daga can ƙofar bayanmu ya nufo. Ina kwaɓa gari na gan shi tsaye, ba jita a hannunsa.

"Ditte, cokali ɗaya kawai."

"Na me?"

Ya nuna buhun kirfa da haɓa.

"Kai Kresten, kanka ɗaya? Ranar nan fa saura kaɗan ka mutu a gabana."

"Akwai ɗaki a saman garejin," in ji shi. "Sun ce na mawaƙi ne. Yana da ƙofa, ƙofar tana da makulli."

Ku faɗa mini, wa zai ji wannan ya hana? Na wanke wata kwalbar jam mai jan murfi, na cika ta, na miƙa masa ban kalle shi ba. Daga ranar na zama abokiyar laifi.

Sauran kun gani da idonku. Cikin mako shida an sa masa rigar fata, an hana shi aske gemu, waƙar ranar haihuwata ta zama waƙar da ake buɗe wasan ƙwallo da ita. Abin da ba ku gani ba shi ne, a babban otal ɗin Copenhagen cikin bahon wanka ya kwana, wai gadon ya yi laushi kuma ba ya lilo. Da aka tambaye shi sirrin muryarsa a talabijin, ya rikice ya ce iskar teku ce. A makon da ya faɗi haka samari suka riƙa zuwa bakin tashar ruwa suna tsayawa baki a wangale, rabinsu suka kwanta da mura. Tsohuwar nan da ba ta jin waƙarsa ta zo shago tana ba da labarin cewa ita ta fara gano shi.

Wadda ta fi ba ni mamaki Mama ce. Matar da take kiransa "wancan na bakin bututu" ita ce ta manna hotonsa a jikin firij, tana cewa tun da can ta ga wani abu a idon yaron nan. Amma da ta lura ina daɗewa a gaban firij ɗin, sai ta ce a ji shi a rediyo ya wadatar, aure kuwa da likita ake yi, kuma in tuna daga kirfa zuwa masoro shekara biyar ce kacal.

Kresten ya kafe a kan cewa kirfar shagonmu ce kawai take yi masa aiki. Gorm ya saya masa waya, da yatsa ɗaya yake rubutu, saƙonsa ba ya wuce kalma uku: "Juma'a. Kwalba. Nagode." Ni kuma in cika, in kai, ya faki ido a bayan dandamali ya watsa cokali a baki, ya fita ana ihu. Su Gorm ba su san komai ba, sun ɗauka maganin gargajiya ne. Bakin bututu kuma ya zama shiru. Har yanzu agogon yana tashi na da wuri, sai in buɗe ƙofar baya in tarar da tattabaru.

Lahadin da ta wuce muna shan kofi waƙar ta shigo rediyo, Mama ta miƙe ta ƙara murya. Dokta Ulrik ya ajiye kofinsa a hankali, ya karkata kai kamar yana sauraron ƙirjin majinyaci.

"Wannan ba salon waƙa ba ne," ya ce. "Ciwo ne. Wani abu yake zuba wa maƙogwaronsa, kuma kullum."

Mama ta ce kishi ne kawai irin na maza. Dokta ya girgiza kai. Ya ce a bidiyon farko an ji wata murya ta daƙiƙa biyu kafin ƙura ta tashi, murya mai kyau, kuma idan aka ci gaba a haka ba za ta ga hunturu ba. Yana maganar yana kallon hannuna, inda kirfa ta rine mini gefen farce. Na tura hannun ƙarƙashin tebur.

Ina hawa keke saƙon Dokta ya shigo: "Ba zan faɗa wa kowa ba. Amma ke kike da kirfar, ba shi ba."

Kai tsaye garejin na wuce. Ɗakin Kresten katifa ce, da kujera ɗaya, da sabuwar baƙar jita ta lantarki. Tsohuwar mai tsirkiya biyar tana jingine a kusurwa, ƙura ta hau ta. Na faɗa masa duk abin da likita ya ce. Ko maganarsa ta yau da kullum ta dishe, amma ya ce mura ce.

"Yaushe rabon da ka yi waƙar jirgin fito?"

"Ba wanda yake neman ta."

"Ni fa?"

Ya dubi tsohuwar jitar. Can ya ce shekara shida yana waƙa da muryar da uwarsa ta haife shi da ita, mutum ɗaya ke tsayawa, da karnuka. Na ce ai mutum ɗayan ce take magana yanzu. Sai ya sa hannu cikin riga ya zaro makullin ɗakin, wanda ya rataye a wuya da igiyar takalmi, ya riƙe shi a tsakaninmu.

"Kin taɓa farkawa gashinki ya daskare a jikin katako?" ya tambaye ni. "Ni ba zan koma ba, Ditte. Asabar ki kawo kwalba."

Na sauko ina kuka, ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina, ina jin haushin Yaya Esben da injinsa.

Asabar ɗin ita ce yau, babban wasan ƙarshen Agusta a filin bayan gari, ƙarfe huɗu na yamma. Kwana biyar ina tunani kafin na yanke shawara. Na ce a raina, sau ɗaya dai jama'a su ji shi yadda nake jin sa. In sun so, shi ke nan, ya tsira da murya da makulli. In sun yi masa ihu, ya tsane ni, amma muryar tana nan. Da safe na juye kirfar a shara, na wanke kwalbar tas, na cika ta da garin cakulan da sukari, wanda yana shiga baki zai narke. Na sa doguwar rigata ruwan ɗorawa da takalmin roba saboda taɓo, na tafi.

Mutane iya ganin ido, kusan kowa da baƙar riga. Daga gefen dandamali na hango Mama can gaba cikin jan kwat, ta toshe kunne da auduga, Yaya Esben na gefenta yana nuna wa mutane kansa wai shi ne mai injin. Gorm ya hau kan gangunansa. Kresten ya karɓi kwalbar ya matse mini hannu, ya juya baya, ya watsa cokali. Na ga kafaɗunsa sun tsaya cak. Ya waiwayo, idonsa waje, cakulan a gemu. Amma Gorm ya riga ya buga sandunansa sau huɗu, kuma kun san dokarsa. Ya fita.

Na runtse ido ina jiran siririyar muryar nan ta bakin bututu. Na ma shirya jin dariyar mutane.

Ƙarar ƙyauren ƙarfen ce ta fito. Ita ɗin dai, har ta fi ta kullum kauri. Filin ya ɗauki ihu, ƙasa na girgiza a ƙarƙashin takalmina. Da farko na ce ko kwalba na rikita. Na buɗe, na dangwala yatsa, na lasa. Cakulan ne, mai zaƙi. Na sake lasa kamar sakarya, ko ɗanɗanon zai sauya. Sai a lokacin abin ya shiga kaina, na zauna a kan wani akwatin lasifika. Ba ya bukatar kirfa kuma. Aikin ya riga ya gama, kuma ni na yi ta kai masa kwalba bayan kwalba har ya gama.

Shi ma ya gane. Tsakanin waƙa ta biyu da ta uku na ga ya kauce daga makirufo, ya toshe kunne ɗaya da yatsa, leɓɓansa na motsi, yana laluben wani abu a maƙogwaronsa. Ya gwada sau biyu. Sannan ya juyo ya kalle ni, kallon da ba zan manta ba, Gorm kuma ya sake buga sanduna.

Da suka sauko Gorm ya rungume shi har ƙafarsa ta bar ƙasa, yana cewa bai taɓa yin wasa irin na yau ba, ko me aka sauya a maganin nan a ci gaba da shi. Ya tuna masa motar ƙungiya za ta tashi gobe ƙarfe takwas na safe, garuruwa talatin kafin Kirsimeti. Ya wuce yana tafi.

Muka rage mu biyu a bayan labule. Na ɗauka zai zage ni. Sai ya buɗe kwalbar, ya ƙara lasar cakulan ɗin, ya ce da wannan disasshiyar muryar, tunda ya ci abin shagonmu dole ya biya. Ya gyara tsayuwa ya fara waƙar jirgin fito. Layin farko ya fito kamar ana tsaga katako. Na biyu iska ce kawai. Ya kai tsakiyar baitin, inda jirgin yake juyawa, inda muryar take hawa sama. Ya buɗe baki, ya rufe. Mutumin da ruwan sama da ɗan sanda da kilo biyar na kirfa ba su tsayar ba, yau a gabana ya yanke waƙa a tsakiya.

Wayata ta yi ƙara a aljihu. Saƙon Dokta Ulrik ne, ashe yana sauraro a rediyo.

"Na ji. Ki kawo shi gobe ƙarfe takwas, zan buɗe domin ku. Watakila a ceto wani abu, ban yi alkawari ba. Amma wata shida ba waƙa, ba ko magana. Ditte, kin san ba don shi zan yi ba."

Na miƙa wa Kresten wayar. Ya karanta har ƙasa, ya koma sama ya sake karantawa, ya daɗe a kan layin ƙarshe. A waje jama'a suna ta kiran sunansa ya dawo ya ƙara ɗaya. Ya mayar mini da wayar da hannun hagu, don na daman yana cikin rigarsa, ya damƙe makullin nan.

"Takwas," ya ce, da abin da ya rage masa na murya. Bai faɗi wace takwas ɗin ba, ta likita ko ta motar ƙungiya, ya ɗaga labule ya koma wurinsu.